An ba ni aiki a Legas, albashi ninki biyu: in kwashi iyali ko in haƙura da Kano?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taka Legas da ƙafarsu. Shekarata 7 ina aikin akanta a wani kamfani a Sharaɗa, albashina yanzu naira 190,000. Makon jiya wani kamfani da ke Victoria Island ya kira ni bayan mun yi ganawa sau biyu ta waya, sun ce za su ba ni 400,000 a wata. Ba gida, ba mota, sai inshorar lafiya. Mako uku suka ba ni in yanke shawara. Ina da mata da yara biyu, babbar tana aji biyu a firamare. A nan Kano ina haya a Rijiyar Zaki, ɗaki biyu da falo, 450,000 a shekara, mahaifiyata kuma tana Gwammaja, duk Juma'a a can muke wuni. Tun da aka kira ni ban yi barcin kirki ba. Albashin nan na Kano ba ya kai ni 20 ga wata, wannan gaskiya ce. Amma ban taɓa kwana uku a jere a Legas ba. Me kuka gani?

Injiniya B.K.: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka karɓa. Shekarata 9 a Ikeja, da 120,000 na fara, yau Alhamdulillah na ninka wannan sau da yawa, kuma ba a kamfani ɗaya na yi hakan ba. Abin da Legas ke da shi wanda ba mu da shi a gida shi ne in ka iya aikinka, wani kamfanin zai zo ya ɗauke ka da kansa. A Kano kamfani nawa ne za su yi rububinka? Ka duba Sharaɗa da Bompai da Challawa, ka ƙirga masana'antun da aka garƙame. Ka duba masaƙun Kaduna. Tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suna Legas, hedikwatocin manyan bankuna suna can, matatar Ɗangote tana Lekki. Inda kuɗi ke yawo nan ake tare su.

Maman Sadiq: Baban Hanifa, kafin ka ji daɗin 400,000 ɗin nan, tambaya ɗaya zan yi maka: a ina za ka kwana? Duk maganar Legas a nan take. Ni shekara 6 na yi a can da maigidana kafin mu dawo Kaduna, kuma shi ma a Victoria Island yake aiki.

Da muka je, mun nemi gida kusa da wurin aikinsa, muka ji kuɗin da ko albashinsa na shekara gaba ɗaya ba zai biya ba. Muka dinga ja da baya, daga Yaba zuwa Ketu, daga Ketu har muka tsinci kanmu a Ikorodu. Ka san ƙarfe nawa yake fita? Huɗu da rabi na dare. Sallar Asuba a wurin aiki yake yin ta, ko a bakin hanya. In ya yi lattin minti 20 kacal, to ya shiga gosulo, sai ƙarfe 9 zai isa. Dawowa kuma in an tashi ƙarfe 5, ba ya shigowa gida sai 9 da rabi, wani lokaci 11 in an yi ruwa. Sadiq yana barci uban zai fita, yana barci zai dawo. Wata rana ranar Asabar yaron ya ga babansa a falo da rana, sai ya ɓuya a bayana yana leƙensa. Shekararsa uku a lokacin. Wallahi ranar na shiga ɗaki na yi kuka, shi ma uban bai iya cin abinci ba.

Ban ce kar ka je ba. Amma in za ka yi lissafi, ka sa awa 6 na hanya a ciki, kullum, kwana biyar a mako.

Injiniya B.K.: Hajiya, ban musa miki ba, amma wannan zaɓin Ikorodu ne. Kuma abubuwa sun ɗan canza. Jirgin ƙasa na Blue Line ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a watan Satumban 2023, na Red Line kuma daga Agbado zuwa Oyingbo ya fara a 2024, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba. Ga motocin BRT da ke da layinsu daban tun 2008.

Maman Sadiq: Injiniya, zaɓi ne ko tilas? Wa zai zaɓi Ikorodu in yana da kuɗin Yaba? BRT ɗin ma shi maigidana yake hawa. Layinta daban ne a kan titi, gaskiya, amma ka taɓa ganin layin mutanen da ke jiran ta da asuba? Kai a Ikeja kake aiki, a Ikeja kake kwana. Ba ka tsallaka ruwa. Wanda zai tsallaka zuwa Tsibiri, wato ɓangaren su Victoria Island, kullum, duniyarsa daban ce da taka.

Ɗan Agege: Yaya Baban Hanifa, ni a Agege aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo daga Kano fataucin goro. Bari in yi maka lissafin a fili yadda muke yi wa duk baƙon da ya sauka a wajenmu.

Wuraren da ke haɗa babban yankin Legas da Tsibiri gadoji uku ne: Carter, Eko da Third Mainland. Ta ukun ita ce doguwar, kusan kilomita 12, an buɗe ta a 1990 zamanin Babangida. Ofisoshin suna Tsibiri, ma'aikatan suna kwana a wancan ɓangaren, har da masu zuwa daga Mowe da Ibafo da Sango Ota, waɗanda ma a jihar Ogun suke. To duk wannan jama'a da safe ta waɗannan gadojin za su kwarara, da yamma su koma ta nan. Shi ya sa gosulon Legas ba ya jin magani. Jihar ita ce mafi ƙanƙantar ƙasa a duk Najeriya, kuma wani babban kaso nata ruwa ne da fadama.

Maganar gida kuwa, abin da ke kayar da baƙo ba kuɗin hayar ba ne kaɗai. In an ce maka gida miliyan ɗaya da rabi, kar ka zo da miliyan ɗaya da rabi. Akwai kashi 10 na ejan, akwai kashi 10 na rubuta yarjejeniya, akwai wani kuɗin ajiya da suke karɓa wai ko za ka lalata wani abu, wanda da wuya ya dawo hannunka. Wasu ejan ɗin ma sai ka biya su kafin su kai ka ka ga gidan, ko ya yi maka ko bai yi ba. Maƙwabcina ya kama ɗaki biyu da falo a Ogba bana, miliyan biyu aka ce masa, sai da ya kashe kusan miliyan biyu da dubu ɗari bakwai kafin a miƙa masa mukulli. Yanzu ka raba miliyan biyu gida 12, ka ga kusan 170,000 ke nan duk wata daga cikin 400,000 ɗinka. Kuɗin mota daga nan zuwa Tsibiri da dawowa, ni nakan kashe tsakanin 4,000 da 5,000 a rana, wato kusan 100,000 a wata. Me ya rage? Ba a yi maganar abinci ba, ba makarantar Hanifa, ba wuta, ba ruwa.

Anti Malama: Ɗan Agege, ba akwai doka a kan hayar nan ba? Na taɓa jin an hana karɓar kuɗin shekara biyu.

Ɗan Agege: Akwai, Anti. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Amma dokar da kanta ta cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA. Sauran wuraren kuma, in kai ka tsaya kana karanto doka, akwai mutum biyar a bayanka da kuɗinsu a hannu. Mai gida ba zai yi musu da kai ba, wayarka kawai zai daina ɗauka.

Na Mararaba: Ku da kuke ta Legas Legas, ku zo ku ga Mararaba da Nyanya da safe. Mu ma nan haka muke, aiki a cikin Abuja, kwana a jihar Nasarawa. Tun da aka dawo da babban birni nan a Disambar 1991 aka gina cikin gari don masu hali, masu yi musu aiki kuma aka bar su su nemi inda za su sa haƙarƙarinsu, Masaka ko Suleja ko Zuba. Ciwon ɗaya ne.

Alhaji Mai Tumatir: Assalamu alaikum. Yarana, na karanta duk abin da kuka rubuta, jikana ne yake taya ni bugawa. Ni na shigo Ikko, wato Legas, tun Shagari yana mulki, a kan motar tumatir na zo, a kasuwar Mile 12 na sauka, kuma har yau a nan nake neman abincina. Ɗana Baban Hanifa, ka saurare ni.

Ikko ta rufa wa dubban mutanenmu asiri. Da kuɗin Ikko na gina gida a garinmu, da shi na je Makka, da shi na aurar da 'ya'yana. Ba zan zage ta ba. Amma mu da muka ci riba a nan, ka san yadda muka yi? Ba mu kawo iyali da farko ba. Mun kwana a rumfa, mun kwana a masallaci, mun kwana mu takwas a ɗaki ɗaya, kowa da tabarmarsa. Abin da muka samu gida muke aikawa. In damina ta zo mu koma gona. Ci-rani ke nan, kuma ci-rani yana da riba ne saboda kana samu da farashin Ikko, iyalinka suna ci da farashin gida. Ranar da ka kwaso mata da yara ka kawo su nan, ka mai da kanka mai samu a Ikko, mai kashewa a Ikko. Ribar ta tafi.

Tumatirin da nake sayarwa daga Kano da Katsina da Filato yake zuwa, tafiyar kusan kilomita dubu. Kuɗin man dizal yana kansa, kuɗin da ake karɓa a shingayen hanya yana kansa, wanda ya ruɓe a hanya ma mai saye ne zai biya. Albasa daga Sakkwato da Kebbi haka, shanun Oko-Oba da Kara haka. Abin da matarka take saye a 'Yankaba ko Dawanau, a nan za ta saye shi bayan ya yi wannan doguwar tafiyar. Ka sa wannan a lissafinka.

Baban Hanifa: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Amma Baba, ni aikin ofis ne, ba ni da damina da zan koma gida. Hutun kwana 20 ne a shekara suka ce. In na bar su a Kano, sau nawa zan gan su?

Alhaji Mai Tumatir: Wannan ita ce tambayar, ɗana, kuma ba ni da amsa mai daɗi. Ni ɗana na fari ban ga ranar da ya fara tafiya ba, ban ga ranar da ya fara azumi ba. Yanzu ya girma, yana girmama ni, amma in yana da damuwa wajen kawunsa yake zuwa, don shi ya rene shi. Na samu gida na bulo, wannan kuma na rasa shi. Ban gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Maman Sadiq: Allah sarki Baba. Allah ya saka maka da alheri a kan wahalar da ka sha domin su.

Tsohon Ɗan Acaba: Ku masu takarda ma da sauƙi. Ni na bar Kano ne bayan an hana acaba a 2013, na tafi Legas da babur ɗina. Shekara tara ina yi, har na sayi na biyu na ba ƙanena. A ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana okada gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya aka ƙara wasu huɗu har da Mushin da Oshodi. Babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi. Na ƙanena haka ya tafi, bai gama biyan kuɗinsa ba. Kuma ko kafin hanin, kullum sai ka yanki tikitin 'yan agbero, wato 'yan kamashon tasha, kafin ka ɗauki fasinja ɗaya. Abin da nake so Yaya ya gane, a garin nan abincinka yana iya tsayawa da sanarwa ɗaya, kuma ba ka da gidan uba da za ka koma ka ci tuwon dare. Yanzu gadi nake yi a Lekki, awa 12, wani lokaci 24 in abokin aikina bai zo ba. A ɗakin gadin nake kwana.

Abu Yasir: Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙyamar. Kana cewa kai Bahaushe ne sai mai gida ya ce an riga an kama. Mutanen can ba sa son mu, a faɗi gaskiya kawai.

Ɗan Agege: Abu Yasir, a'a, kar mu yi wa jama'a kuɗin goro. Yana faruwa, ni ma an taɓa yi mini, ba zan ɓoye ba. Amma masu gidajen nan suna ƙin ba Ibo, suna ƙin ba mace marar aure, suna ƙin ba wanda ba ya aikin albashi, wasu har lauya ba sa ba wa don kar ya kai su kotu. Gida ya yi kaɗan, masu nema sun yi yawa, shi ya sa kowane mai gida yake zaɓe son ransa. Kuma matar da ta karɓi haihuwata Bayarabiya ce, maƙwabciyarmu, har ta rasu Mama muke ce mata. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege, muna da sarkinmu, muna da masallatanmu da makarantun allo, ga Idi-Araba, ga Obalende. Wanda bai zauna ba ya yi a hankali da irin wannan magana.

Abu Yasir: To rikicin Mile 12 na 2016 fa? Ƙarya ne?

Alhaji Mai Tumatir: Ina nan aka yi shi, yaro. An yi asarar rayuka, an rufe kasuwa, mun sha wahala. Kuma a cikin kwanakin nan akwai Yarabawan da suka ɓoye yaranmu a gidajensu. Duka biyun na gani da idona.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, don Allah a koma kan tambayar Baban Hanifa. Maganar ƙabila ta tsaya nan. Wanda ya sake ɗauko ta zan goge.

Anti Malama: Ni bari in taɓo ɓangaren aikin kansa, don kowa yana maganar gida da mota. Ƙanwata tana aiki a wani banki a Tsibiri. A takarda ƙarfe 8 zuwa 5 ne. A zahiri ba mai tashi kafin oga ya tashi, kuma ogan yana zama har 8 na dare saboda shi ma gosulo yake jira ya ragu, ga shi gidansa yana Ikoyi, minti 15. Ita kuma Egbeda za ta. Ranar Asabar a kira taro, ranar Lahadi a turo saƙo ta WhatsApp ana jiran amsa. Shekararta biyar kuma har yau ba ma'aikaciyar bankin ba ce, wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne ya kawo ta, kwantiragi ake sabunta mata duk shekara. Aiki ɗaya suke yi da na kusa da ita, albashinsa ya ninka nata. Bara hawan jini ya kama ta, shekararta 31.

Baban Hanifa, ka tambaye su a rubuce: kai ma'aikacinsu ne na dindindin ko ta hannun wani kamfani? 400,000 ɗin kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire? Akwai watannin gwaji, kuma nawa za a biya ka a cikinsu? Sannan ka tambayi maganar Juma'a tun yanzu. A Kano ba ka taɓa roƙon kowa izinin zuwa masallaci ba, gari ne gaba ɗaya yake tsayawa. A can ranar aiki ce kamar kowace. Yawancin wurare suna bari, amma gara ka ji daga bakinsu. Azumi kuma ka shirya shan ruwa a cikin motar haya ta danfo da dabino a aljihu.

Baban Hanifa: Anti, wallahi ban tambayi ko kafin haraji ba ne. Na ji adadin kawai na yi hamdala. Gobe da safe zan rubuta musu.

Injiniya B.K.: Duk abin da aka faɗa akwai gaskiya a ciki, amma ina jin tsoron kar mu karya wa bawan Allah gwiwa. Ku dubi ɗaya ɓangaren. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. Dala daga wajen 460 ta haura 1,500. Wannan wutar ba Legas kaɗai ta ci ba, har Kano. Shi da bakinsa ya ce albashinsa ba ya kai shi 20 ga wata. To zaman me zai yi? Mafi ƙarancin albashi na ƙasa 70,000 ne tun 2024, Kano ta sa 71,000, Legas ta sa 85,000, kuma a kamfanoni tazarar ta fi haka nesa. In ya zauna a Sharaɗa, nan da shekara biyar nawa za su ba shi? In ya yi shekara biyu a Victoria Island, takardarsa ta canza daraja har abada, ko Kano ya dawo da ita. Wahalar shekara biyu ce.

Maman Sadiq: Mu ma shekara biyu muka ce, Injiniya. Shida muka yi. Duk shekara sai mai gida ya ƙara haya, sai ka ce bari in ƙara shekara ɗaya in tara abin komawa, sai ƙarin albashin ya tafi a ƙarin hayar. Da muka tashi dawowa, abin da muka tara bai kai kuɗin fili a Rigasa ba. Amma na yarda da kai a abu ɗaya: aikin da maigidana yake yi yanzu a Kaduna, saboda sunan wancan kamfanin aka ɗauke shi.

Malam Ɗan Nima: Gaisuwa daga Ankara, ƙasar Gana. Ina bin muhawarar nan kamar da mu ake. A nan doka ta ce kar mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida, amma shekara biyu ake nema a dunƙule, kuma kowa ya sani. A Nima da Mamobi za ka ga gida ɗaya iyali goma, banɗaki na haya a waje, da safe layi. Samarinmu suna fita aiki tun duhu a trotro, motocin haya na nan. Abin da ya riƙe mu shi ne zango: in ka rasa aiki ba za ka kwana da yunwa ba, akwai wanda ya san kakanka. Shawarata ga ɗan'uwa, in zai je, ya sauka cikin jama'arsa tukuna, kar ya je ya kulle kansa a unguwar da in ya faɗi ciwo ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Na Mararaba: Wai ma mutum nawa ne a Legas ɗin nan? Ƙidayar 2006 ta ce Kano ta fi ta.

Ɗan Agege: Ƙidayar ta ba jihar Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ƙi yarda ta ce ita nata lissafin ya haura miliyan 17, yanzu kuma suna cewa sun wuce miliyan 20. Ba a sake ƙidaya ba tun lokacin. Amma ka tuna faɗin jihar Kano ya ninka na Legas fiye da sau biyar. Mu ma'auninmu a nan ba takarda ba ne. A 2024 jami'an gwamnati sun gano ɗakuna 86 da aka yanka a ƙarƙashin gadar Dolphin a Ikoyi, mutane suna biyan 250,000 a shekara su kwana a ƙarƙashin gada. Ba mahaukata ba ne, masu aiki ne da suka ga in suka koma bayan gari kuɗin mota zai cinye abin da suke samu. Kuma duk lokacin da aka rushe unguwar talakawa, kamar Maroko a 1990 ko Otodo Gbame a 2017, mutanen ba sa ɓacewa, cusuwa suke yi a ɗakunan 'yan'uwansu a wata unguwar, hayar can ma ta tashi.

Anti Malama: Kano ma fa ta kama hanyar nan. Ku dubi Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi, ku dubi titin Kantin Kwari da Singa da rana. Bambancin kawai har yanzu mutum yana iya komawa gida ya ci abincin rana.

Baban Hanifa: Jama'a, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da biro da takarda bayan Isha'i, na bi lissafin Ɗan Agege. In na kwashi iyali yanzu, sai na ci bashin kusan miliyan uku kafin in karɓi albashin farko, kuma abin da zai rage mini duk wata bayan haya da mota bai fi abin da nake da shi a Kano ba, ga Hanifa za ta bar makarantarta da Islamiyyarta, ga Hajiya ba mai leƙa ta. Wannan na cire shi. Saura biyu: in ƙi gaba ɗaya, ko in tafi ni kaɗai.

Na nuna wa maman Hanifa abin da Baba Alhaji ya rubuta game da ɗansa. Ta yi shiru, sannan ta ce in je in gwada watannin gwajin, in ya kasance yaran sun fara mantawa da ni ita da kanta za ta ce in dawo. Hajiya kuma ta ce in yi istihara kafin in ba su amsa. Zan tambayi kamfanin abubuwan da Anti ta lissafa, in ƙara da ko za su bar ni in yi aiki daga gida kwana ɗaya ko biyu a mako, da ko za a haɗa mini hutuna in riƙa zuwa Kano duk bayan wata biyu. In 400,000 ɗin kafin haraji ne, ko ta hannun wani kamfani za a ɗauke ni, na haƙura.

Ɗan Agege, in ta tabbata, ana samun ɗaki ɗaya kusa da tashar jirgin Agege? Ko wanda za mu haɗa mu biyu.

Ɗan Agege: Ana samu, Yaya, amma kar ka tura wa kowa ko sisi kafin ka ga ɗakin da idonka, ko da hoto da bidiyo aka turo maka. Ka zo da damina in da hali, ka ga inda ruwa yake kwanciya a layin, ka tambayi maƙwabta awa nawa ake samun wuta da kuma ko mita ce ko kuɗin ƙiyasi ake kawowa. Jirgin zai sauke ka a Oyingbo, daga nan sai ka hau mota ka tsallaka, don haka ka gwada hanyar ranar Litinin da safe kafin ka sa hannu a komai. Makon farko ka sauka a wajenmu, akwai ɗakin baƙi a gidan kawuna. Ka yi mini magana ta akwatin sirri in sun ba ka amsa.

Alhaji Mai Tumatir: In ka iso ka zo Mile 12 ka gaishe ni, ɗana. Kuma kowace rana bayan Magariba ka kira yaran nan su ji muryarka, ko kana cikin mota. Mu a zamaninmu wasiƙa ce, sai ta yi wata kafin ta isa.